Yadda za ka haɗa rahoton rawa, wasan kwaikwayo, baje koli ko fim da wayarka, daga Garwa har Njamena

Yawancin rahotannin bukukuwan al'adu da ke yawo a wayoyinmu a arewacin Kamaru da Chadi kamarsu ɗaya. Gwamna ya iso, lamido ya zauna, wakilin minista ya yi jawabi, an yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, taro ya watse lafiya. Sai ka karanta har ƙarshe ba ka san wace rawa aka taka ba, balle sunan wanda ya rungumi ganga tun hantsi har la'asar sakaliya. Matar da ta kwashe watanni tana horar da 'yan wasa, da makaɗin da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni, duk an dunƙule su a cikin "da sauransu". Abin yana ci mini rai, domin su ne suka yi aikin da ya tara jama'ar, kuma bayan shekara goma idan wani ya zo neman tarihinsu, abin da muka rubuta kaɗai zai tarar.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kyamara mai tsada ko katin ɗan jarida. Waya, littafin rubutu, da bin aiki daki-daki sun wadatar. Ga yadda ake yi.

Kafin ranar

Da farko ka zaɓi abu ɗaya. Babban biki irin Dary, wanda ake yi a Njamena tun 2018, yana tara lardunan Chadi 23, kowane lardi da rumfarsa da abincinsa da 'yan rawarsa. Wanda ya ce zai kwashe duka a rahoto ɗaya, jerin sunayen larduna kawai zai kawo. Ka ɗauki ƙungiya ɗaya ko rumfa ɗaya ka bi ta tun daga shiri har tashi. Haka ma hawan sallah a fadar lamidon Garwa ko Ngaundere: ko dai mahaya, ko masu algaita da kakaki, ko masu ɗinka kayan doki. Sauran ka bar wa wata sallar.

Labarin abin da za a yi kuwa ba ya wuyar samu ga mai nema. A Garwa akwai allon sanarwa na cibiyar al'adu ta Alliance Française. A Njamena akwai Institut français, da cibiyar Al-Mouna, da gidan al'adu na Baba Moustapha. Gidajen rediyon yanki suna sanarwa, kuma a fada akwai wanda ya san ranar kowane hawa. Amma mafi yawan abin da ya cancanci a rubuta ba ya hawa allo: wasan da ɗaliban makaranta suka shirya, fim ɗin da samarin unguwa suka ɗauka, kiɗan kalangun mahauta a bikin ɗan sarkin fawa. Wannan sai da kunne a gari.

Mataki na biyu shi ne share fage da karatu, ko da na awa ɗaya ne. Idan za ka gidan Baba Moustapha, ka san cewa sunan marubucin wasan kwaikwayo ne ɗan Chadi da ya rasu a 1982 yana ɗan shekara talatin. Idan fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun za a haska, ka shiga da sanin cewa haifaffen Abeshe ne, fim ɗinsa Daratt ya sami kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Venis a 2006, Un homme qui crie kuma ya sami kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2010, sannan ya riƙe ma'aikatar al'adu daga 2017 zuwa 2018. Idan bikin Tokna Massana za ka, ka san cewa 'yan ƙabilar Masa suna zaune a gaɓa biyu na kogin Logon, ɓangaren Yagwa da ɓangaren Bongor, kuma bikin na haɗa su ne duk da iyakar da ta ratsa tsakaninsu. Ba don ka juye wannan duka a rahoto ba ne. Don kada ka ɓata lokacin dattijo da tambayar da yaro ma zai amsa maka.

Na uku, ka nemi izini, kuma ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Masu shirya taro su san da zuwanka. Idan a fada ne, ba lamido za ka tunkara ba, akwai fadawan da ke shigar da baƙo. Ka cire takalmi inda ake cirewa, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ake yi a gidan, ka faɗi sunanka da inda rubutun zai fito. Su kuma 'yan wasan, ka nemi shugabansu daban. Izinin mai taro ba ya ɗauke maka gaishe da sarkin makaɗa. "Ranka ya daɗe, ni ɗanka ne, ina so in rubuta labarin aikinku, in kun yarda." Wannan gaisuwar tana buɗe ƙofar da katin gayyata ba ya buɗewa.

In da hali, ka roƙi a bar ka ka halarci gwajinsu kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. A wurina wannan shi ne matakin da ya fi kowane riba. A wurin gwaji babu lasifika, babu turereniya, kowa yana cikin kayansa na gida. Nan za ka ga ana tsayar da kiɗa ana maimaita taku ɗaya har sai ya zauna, ka ji mai horarwa yana kiran kowace rawa da sunanta, ka gane wane ne jagora da wace ce sabuwar shiga. Nan ne kuma za ka rubuta sunayen mutane a natse. Ranar biki ba wanda zai tsaya ya ba ka harafin sunansa.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya cike da caji, da batirin ajiya, domin ɗaukar bidiyo cikin zafin bazara na Garwa ko Kusuri yana shanye caji nan da nan, wayar ma takan yi zafi ta tsaya. Ka share tsofaffin hotuna tun a gida don samun wuri. Ka riƙe ɗan ƙyalle mai laushi na goge idon kyamara, saboda ƙurar filin rawa da hazon hunturu. Abin sauraro na kunne mai makirufo yana da amfani wajen hira. Sai littafi da biro biyu, da ruwan sha. Littafin nan kada ka raina shi: waya takan mutu, kuma mutane sun fi sakin jiki da mai rubutu a kan mai nuna musu kyamara.

A filin rawa

Ka riga jama'a isa. Ka zagaya filin ka ga inda makaɗa za su zauna, inda 'yan rawa za su shigo, da inda aka kafa lasifika. Ka zaɓi wurin da rana take bayanka. Rumfar manyan baƙi ita ce ta fi inuwa, amma sau da yawa ita ce ta fi nisa da ƙafafun masu rawa, kuma abin da ka zo gani yana ƙasa ne.

Idan an fara, kada ka ɗaga waya tukuna. Ka ba rawar farko idonka kawai. Ga abin da za ka nema, kuma ka rubuta shi nan take da gajerun kalmomi.

Tsarin tsayuwa: da'ira suka yi, ko sahu, ko biyu-biyu suna fuskantar juna? Maza da mata a haɗe ko a rabe? Makaɗa a tsakiya suke ko a gefe? A rawar Gurna ta ƙabilar Tupuri, alal misali, 'yan rawa kan kewaye ganguna riƙe da sanduna, kuma waƙar da ake rerawa doguwa ce, ana tsara sabuwa ne tana taɓo abin da ya faru a cikin al'umma. Wanda ya rubuta cewa "sun yi rawar gargajiya" ya bar labarin gaba ɗaya a cikin waƙar da bai tambayi ma'anarta ba. A Gerewol na Woɗaaɓe kuwa, wanda ake yi a Chadi wajen ƙarshen damina, samari sahu suke yi kafaɗa da kafaɗa, aikin yana fuska ne, a ido da haƙora da kwalliya, 'yan mata kuma su ke zaɓe. Kowace rawa da inda take ajiye ƙarfinta, aikinka ka gano wurin.

Sannan ka dubi jiki. Wace gaɓa ce ke ɗauke da rawar, ƙafa, ƙugu, kafaɗa ko wuya? Diddige ake bugawa ko tafin ƙafa ake ja? Akwai kacau-kacau a ƙafa da ke ƙara wa kiɗan murya? Daga nan ka mai da kunnenka ga makaɗa. A kusan kowace ƙungiya akwai ganga ɗaya da ke ba da umarni. Ka sa ido a hannun mai ita. Za ka ga kafin 'yan rawa su juya ko su durƙusa, shi ne ya fara sauya bugu, ko ya ɗaga gula, ko ya yi wata 'yar gajeriyar kira da ba ta cikin zubin da ake ta maimaitawa. Wani lokaci kuma akasin haka ne, gwanin rawa ya shigo tsakiya, makaɗi ya matso kusa da shi yana bin ƙafarsa, duk inda ya taka nan gula za ta sauka. Idan ka kama wannan zancen da ke tsakanin hannu da ƙafa ka rubuta shi, mai karatu ya ga rawar ko da ba hoto.

Ka kira kayan kiɗa da sunayensu. Kalangu ba kotso ba ne, algaita ba kakaki ba ce, goge daban garaya daban. Idan kayan wata ƙabila ne ba ka san sunansa ba, ka tambayi mai shi ka rubuta yadda ya faɗa da harshensa, sannan ka kwatanta shi: da me aka yi, fatar me aka ɗaura, da hannu ake bugawa ko da sanda. Kada ka laƙaba masa sunan Hausa don ya yi kama da namu.

Yanzu ɗaukar hoto da sauti. Ka rufe layin kira don kada wani ya katse maka ɗauka. Ka riƙe waya da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki. Kowace ɗauka ka bar ta ta kai daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin ba tare da ka yi ta lilo da wayar ba. Ka ɗauki mai rawa tun daga kai har ƙafa, domin bidiyon rawa da aka yanke ƙafafu ba shi da amfani. Kada ka zuƙo hoto da yatsa, yana dusashe shi, gara ka matsa idan an ba ka hanya. Iri uku kake buƙata: na nesa da ke nuna filin da jama'a, na tsakiya da ke nuna ƙungiyar, da na kusa, wato hannun makaɗi, ƙafa a cikin ƙura, fuskar mai waƙa. Sauti kuma kada ka tsaya gaban lasifika, ƙara kawai za ka kwasa. Ka koma gefen makaɗa, 'yan taku kaɗan daga gare su, ka ɗauki waƙa ɗaya cikakkiya daga farko har ƙarshe da manhajar naɗar murya. Ita za ka kai wa wanda ya iya harshen ya fassara maka daga baya.

A hawan dawaki a yi hattara. Lokacin jafi mahaya suna sukuwa ne gadan-gadan zuwa gaban lamido kafin su ja linzami, kuma doki ba ya sanin mai kyamara. Inda dogarai suka ce a tsaya, nan za ka tsaya. Hoton lifidi da jalala da adon sirdi ka ɗauke shi tun da safe a inda ake ɗaura wa dawakai kaya, ya fi fitowa, kuma a nan za ka haɗu da masu kula da dawakin, waɗanda ba a taɓa tambayarsu komai.

Akwai abin da ba a ɗauka. Wasu bukukuwan, musamman a duwatsun Mandara da wajen bikin ƙabilar Nyem-Nyem a garin Galim, suna da ɓangaren da na 'yan gida ne kawai. Idan aka ce a sauke waya, ka sauke, kuma kada ka ɗauka a ɓoye. Abin da aka hana ka ɗauka, ka tambaya ko an yarda ka rubuta shi da baki. In an ce a'a, shi ke nan.

A zauren wasan kwaikwayo

Nan doka ta farko ita ce kashe filasha da ƙarar waya. Hasken filasha yana ɗauke hankalin ɗan wasa, hasken allonka kuma yana damun na bayanka. Ka nemi izinin ɗaukar hotuna kaɗan, ko ka ɗauke su a gwajin ƙarshe. Ka zauna a tsakiyar jama'a, ba a layin gaba ba, domin rabin labarin yana wajen 'yan kallo.

A wasanninmu harshe yana cakuɗuwa: Faransanci, Fulatanci, Larabcin Chadi, Hausa, wani lokaci duka a fitowa ɗaya. Ka lura da wa ke magana da wane harshe. Sau da yawa za ka ga jami'i da malamin asibiti suna Faransanci, uwa da 'yarta suna harshen gida, barkwanci kuma yana fitowa ne a harshen kasuwa. Marubucin da gangan ya yi haka, kuma abin a faɗa ne. Ka rubuta inda zaure ya fashe da dariya, da inda ya yi tsit, da inda mata suka yi guɗa ko tsaki. Idan wasan faɗakarwa ne da wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsa, kan auren wuri ko rigakafi ko zaman lafiya, ka faɗi wanda ya biya, sannan ka auna shi a matsayin wasa: mutanen ciki sun yi kama da mutane, ko kuwa kowa ya fito ne ya karanta saƙo ya koma?

Ka ba da labarin a layi uku ko huɗu, kada ka tona ƙarshensa. Ka ambaci wanda ya rubuta, wanda ya ba da umarni, manyan 'yan wasa da matsayin da kowa ya fito a kai, har da mai haske da mai ɗinkin kaya idan aikinsu ya fito.

A wurin baje koli

Ka zagaya sau biyu. Zagayen farko hannu a aljihu, ba rubutu ba hoto, ka ga abin da ya tsayar da kai. A na biyu ka koma wajen abubuwa uku ko huɗu kacal, ka tsaya a gaban kowane har ka iya kwatanta shi ga makaho: girmansa, launinsa, da me aka yi shi, me ke tsakiya me ke gefe. Ka kwafi abin da ke rubuce a ƙaramin katin da ke jikinsa, sunan mai aikin da shekara, harafi da harafi. Kafin ka ɗauki hoton zanen mutum ka tambaye shi, kuma duk inda ka sa hoton ka sa sunansa.

Baje koli ba sai a ɗaki mai farin bango ba. Cibiyar masu sana'ar hannu ta Marwa baje koli ce ta kullum. A can idan ka ɗauki jakar fata, tambayar da za ta ba ka labari ita ce hanyar da fatar ta biyo: wane majemi ya jeme ta, da bagaruwa aka yi jimar ko da maganin kanti, jan launin na karan dafi ne ko na gwangwani, wane baduku ya yanka ya ɗinka. Ka juya jakar ka dubi ɗinkin ciki, ka shinshina ta, ka tambayi kwana nawa ta ci. Mai shago sau da yawa ba shi ne mai aikin ba, sai ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda ya yi. A Gawi kusa da Njamena, inda tsohuwar fadar sarkin Kotoko ta zama gidan tarihi, mata ne ke gina tukwane da zanen bangon gidaje, kuma kowane bango akwai hannun da ya yi shi. Ka nemi mai hannun.

Ko a gidan tarihi na ƙasa da ke Njamena wannan ƙa'idar tana aiki. Kowa ya san Tumai, ƙoƙon kan da aka tsinta a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Rahotanni da yawa suna tsayawa a sunan Michel Brunet, Bafaranshen da ya jagoranci binciken. Amma wanda idonsa ya fara sauka a kan ƙashin ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye. Rahoton da aka rubuta daga Njamena bai kamata ya tsallake wannan sunan ba.

A gaban allon fim

Ba a ɗaukar fim daga allo da waya, haƙƙin masu shi ne. Ka nemi hoton talla daga wajen masu haskawa. Kuma kada ka tashi da an ce ƙarshe, ka zauna jerin sunaye ya wuce ka kwafi na marubuci, mai kyamara, mai sauti da mai tacewa.

Wurin da aka haska fim shi ma labari ne a yankinmu, inda gidajen silima suka yi ƙaranci. Manyan gidajen silima uku na ƙarshe a Kamaru, a Yawunde da Duwala da Bafusam, an rufe su ne a 2009. Silimar Normandie ta Njamena kuwa sai a 2011 aka sake buɗe ta bayan doguwar rufewa. Don haka idan a farfajiyar makaranta aka rataya farin ƙyalle aka ta da janareta, ka faɗa, ka faɗi su wa suka zo, da ko an tsaya an tattauna bayan fim.

Wajen auna fim ɗin samarinmu da aka ɗauka da kuɗin aljihu, ina roƙon adalci ta fuska biyu. Kada ka ɗora shi a sikeli ɗaya da fim ɗin da ya je bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, inda Chadi ta kasance babbar baƙuwa a 2025, ko bikin Écrans Noirs na Yawunde da Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997. Amma kuma kada ka yi masa ƙarya. Idan iska ta cinye maganar 'yan wasa, ka ce ba a jin magana a fitowar kasuwa. Idan labarin kwafin finafinan Kano ne aka sauya sunayen gari, ka faɗa da ladabi, ka nuna wurin da fim ɗin ya yi kama da Garwa ko Marwa da gaske, domin nan ne ƙarfinsu yake. Kuma a sani labarin ƙasar nan yana kaiwa nesa: fim ɗin Cyrielle Raingou kan rayuwar yara a Kolofata shi ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Rotadam a 2023.

Hira

Ka bar mai wasa ya sha ruwa ya huce kafin ka tare shi. Ku koma inda ba hayaniya. Tambayar "yaya ka ji?" ba ta haifar da komai sai "alhamdu lillahi". Ka tambayi abin da ka gani da idonka: "Baba, na ga da kuka zo tsakiyar waƙa kun sauya bugu, me ya sa?" "Inna, wa ya koya miki wannan zanen?" "Malam, wace fitowa ce ta fi ba ku wahala?" Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ka tambayi inda suke gwaji, da abin da suke ci da shi idan ba wasa, da ko an biya su na yau. Amsar wannan ta ƙarshe takan zama labari mai zaman kansa.

Suna kuwa ka ba mutum littafin ya rubuta da kansa, ko ka karanta masa ya gyara, tunda rubutun sunaye na Faransanci da na Hausa ba ɗaya ba ne. Matar aure ko budurwa, ka tambaye ta ko ta yarda hotonta ya hau intanet, domin yarda da rawa a filin gari daban, yarda da yawo a wayoyin duniya daban. Yara kuma sai da izinin iyaye ko malaminsu.

Akwai batun ambulan da masu taro kan miƙa wa 'yan jarida, wanda a Kamaru ake kira gombo. Ra'ayina a fili yake: wanda ya karɓa ba zai iya rubuta cewa an bar 'yan rawa cikin rana ba ruwa ba. Idan masu taro ne suka ɗauki nauyin motarka zuwa wani gari mai nisa, ka faɗa wa mai karatu a layi ɗaya.

Rubutu

Ka zauna a daren, ko da asuba, kafin abin ya dusashe. Ka fara da abin da ya fi tsaya maka a rai, ba da jerin manyan baƙi ba. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "An gudanar da gagarumin bikin al'adu wanda ya samu halartar manyan baƙi, inda aka ƙayatar da mahalarta." Na biyu: "Mata goma sha biyu ne suka shigo a sahu, kowace da ƙwarya a hannu, ba kiɗa sai tafi. Sai da suka kai tsakiyar fili mai babbar ganga ya saki bugu ɗaya, suka juya gaba ɗaya." Na farkon zai hau kan kowane biki a duniya. Na biyun na wuri ɗaya ne da yini ɗaya, kuma a naka rahoton sunan mai gangar da na shugabar matan za su biyo baya nan take.

Sakin layi na biyu ya amsa me aka yi, a ina, yaushe, wa ya shirya. Manyan baƙi a ba su girmansu da cikakkiyar sarautarsu a jimla ɗaya ko biyu, ya isa. Daga nan sai bayanin aikin, maganar masu shi da bakinsu, ɗan tarihin da mai karatu ke buƙata, sannan ra'ayinka. Ka raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kake ganin ya dace. Duk yabo ko suka ka jingina shi da hujja: in ka ce 'yar wasa ta yi ƙoƙari, ka nuna fitowar da ta yi shi. Kalmomin "ƙayatarwa", "armashi" da "ba a cewa komai" ka tsame su, ka sa abin da ya faru a gurbinsu. Yawan jama'a kuma kada ka ƙirƙiro lamba, ka ce zaure ya cika har ana tsaye, ko kujerun baya babu kowa.

Maganar da aka yi maka da Fulatanci ko Larabci ko Tupuri ka fassara, ka faɗi harshen da aka yi ta. Baitin waƙa kuwa ka sa mutum biyu da suka iya harshen su duba fassarar, domin waƙa tana da habaici da baƙo ba ya ji.

Kafin ka saki, ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da littafinka, ka bi ranaku da sarautu. Kowane hoto ya sami bayani a ƙasa: wa ke ciki, me yake yi, ina, wa ya ɗauka. Bidiyon da za ka sa a Facebook ko WhatsApp ya zama gajere kuma mara nauyi saboda tsadar data, amma ka rubuta sunan ƙungiyar a jikinsa, tunda bidiyo yakan rabu da rubutunsa ya ci gaba da yawo shi kaɗai. Idan akwai sauran ranakun wasa, ka faɗi wuri da lokaci da kuɗin shiga.

Bayan ya fito, ka aika wa masu wasan. Wanda ba ya karatu ka kira shi ka karanta masa, ko ka tura masa da murya. In sun nuna maka kuskure a suna ko a ma'anar waƙa, ka gyara a fili ka rubuta cewa an gyara. Sannan ka kwashe ainihin hotunan da sautin daga waya zuwa katin ajiya ko kwamfuta, kowane taro da jakarsa, a sa mata shekara da wata da rana da gari da sunan ƙungiya, ka ɗauki hoton shafukan littafinka ka haɗa a ciki. Cikakkiyar waƙar nan da ka naɗa, ka ba shugaban ƙungiyar kwafinta.